Numfashin Baba a Alƙahira

Assalamu alaikum 'yan'uwa mata. Yau wata ɗaya da 'yan kwanaki ke nan da dawowarmu, amma har yanzu duk wadda ta gan ni, a Islamiyya ne ko a gidan suna, sai ta tare ni da, "Maman Nura, ya Masar?" Ni kuma in ce lafiya lau, in wuce. Malama Binta har cewa ta yi ina rowar labari. Wallahi ba rowa ba ce, abin ne ba ya faɗuwa a tsaye a bakin ƙofa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wadda ta samu sarari ta karanta. Mai son jin labarin dalar Fir'auna ta yi haƙuri, ban je ba. Kogin ma ta tagar mota na hango shi.

Yawancinku kun san Baba, mai shagon yadi a kasuwa, kun kuma san ya daɗe da ciwon hanta, irin wanda ƙwayar cutar ke zama a jini. Duk wata shida ƙanena Sani yake kai shi a ɗauki hoton cikinsa. A zuwan ƙarshe aka ga wani ɗan abu a hantar, bai wuce ƙwayar gurjiya ba. Likitan da suka gani a Abuja ya ce ba zai rantse ba: ko tabo ne irin na hantar da ta daɗe tana wahala, ko kuwa daji ne yake tsirowa. In dajin ne, a wannan ƙanƙantar ana iya ƙone shi da allura ba tare da an tsaga ciki ba, amma ba a jinkiri. Ya ba da shawarar a je inda za a yi hoton da aikin a wuri ɗaya. Dangi suka zauna, aka tsayar da Alƙahira.

Sai maganar ɗan rakiya. Sani ma'aikacin gwamnati ne, bai samu hutu ba. Sauran mazan ba mai fasfo, kuma babu lokacin jiran a yi. Inna gwiwa ta hana ta hawa ko matakala uku. Ni ce mai fasfo, wanda Baban Nura ya yi mini shekarar da muka sa ran Hajji Allah bai nufa ba, ni ce kuma mai ɗan Turancin sakandare. An ce da aka ambaci sunana a zaure, shiru aka yi.

Dalilin shirun, ni ce 'yar fari. Ku da kuka tashi a cikin gari kun san abin da wannan yake nufi a gidaje irin namu. Tun da aka yaye ni Goggo, Allah ya jiƙanta, ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma, cikin unguwarmu Tudun Ƙofa ɗin dai, lungu biyu tsakaninmu da gidanmu. Shekarata arba'in da ɗaya, ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba, ban taɓa cin abinci yana gani ba. In na je gaishe shi daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ya amsa yana duban wani wuri. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Duk sallah atamfata ta fi ta kowa kyau, amma ta hannun Goggo take zuwa lokacin tana raye. Da aka gaya masa da ni za a tafi, abin da ya ce kawai shi ne, "Babu wani ne?" Aka ce babu. Ya ce to Allah ya sa haka ya fi alheri.

Bayan sallar asuba muka bar Keffi, Sani na tuƙi, Baba a gaba, ni a baya da jakunkuna. Yara na bar wa kakarsu a Jigwada inda nake aure, autata ta riƙe hijabina har sai da aka ɓamɓare hannunta. Duk sammakon da muka yi, cunkoson Mararraba bai ƙyale mu ba. Muka yi ta rarrafe tun daga Masaka har Nyanya, Sani na duba agogo yana tsaki, Baba na jan carbi, ni kuwa ina ta tunanin ko na faɗa wa surukata cewa autar ba ta cin wake.

A filin jirgi aka fara. Wata jami'a ta karɓi fasfunanmu, tana jin Hausa sarai. Ta ga dattijo tsaye nesa da ni kamar ba tare muke ba, sai ta ce, "Baba, wannan 'yarka ce?"

Baba ya dubi silin, ya ce, "'Yar gidanmu ce."

"Na ji. 'Yar cikinka ce?"

"A gidan dai aka haife ta."

Matar ta ajiye biro. Ta juyo kaina da tambayoyi: ina za ni, wa ya yi mini biza, ina mijina, wa na sani a can. Na gane zaton da take yi, irin matan nan da ake kwasa aikatau ƙasashen waje. Na rage murya na ce, "Ranki ya daɗe, ni ce ta fari." Ta dube ni, ta dubi Baba, sai dariya ta ƙwace mata har ta dafa tebur. Ta ce ita ma babanta har ya koma ga Allah "ke" yake ce mata. Ta buga hatimi, ta yi mana fatan samun lafiya.

A jirgi kujerunmu a haɗe suke. Tunda nake ban taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da shi ba. Ya juya fuskarsa taga, na juya tawa hanya, haka muka tafi har muka sauka. Da aka kawo abinci na buɗe masa nasa na tura ba tare da na duba ba. Bai ci ba, ni ma ban ci ba. Ma'aikaciyar jirgin da ta zo kwashewa har tambaya ta yi ko azumi muke.

Muna sauka sanyi ya tarbe mu, irin mai shiga ƙashi. Wajen binciken kaya suka buɗe jakar da Inna ta haɗa. Garin kuka ne ya fara ɗaga musu hankali, koren gari a ƙulle cikin leda uku. Mutum uku suka taru a kansa. Na rasa sunan kuka da Turanci, na yi ta cewa na miya ne, da na ga ba su yarda ba sai na lakato na lasa. Suka bar shi. Daddawa kuwa, jami'in yana kwance ledar ya ja da baya ya toshe hanci, ya kira wani ya zo ya sansana, shi ma ya kira wani. Ba su mayar mana ba. Kwana ashirin da ɗaya na yi ina miyar kuka ba daddawa, ku ƙiyasta.

Wadda ta tarbe mu Hajiya Zainabu ce, wata dattijuwa mai jiki da take ba marasa lafiya 'yan ƙasarmu masauki, tana kuma yi musu tafinta. Haifaffiyar Sudan ce. Kakanninta daga ƙasar Haɗeja suka taso a ƙasa za su Makka, suka zauna a hanya, ba su ƙarasa ba, ba su koma ba. Hausarta irin ta tsofaffi ce, da yayyafin Larabci. Ba ta taɓa taka Najeriya ba, amma "gida" take ce mata. Tambayar farko da ta yi mini a mota ita ce ko na zo da daddawa. Da na ba ta labari, salati ta yi kamar an yi rasuwa.

Masaukin a hawa na shida yake, ɗaki biyu da ɗan falo. Ga mutane a titi ba iyaka, ga ƙarar mota ba hutu, amma ban taɓa jin kaɗaici irin na gidan nan ba. A Jigwada kafin in gama shara mutum biyar sun leƙo. A can sai ki wuni ba wanda ya yi miki sallama. Mata ma ba duka suke sauka sayen kayan miya ba, kwando suke zurowa da igiya daga baranda, mai kanti ya zuba, su ja. Da farko na ce wannan wace irin ƙiwa ce. Kwana uku na roƙi Hajiya ta samo mini nawa kwandon.

Karin kumallonsu wake ne, dafaffe luguf da mai da lemon tsami, a dangwala da gurasa. Akwai wani haɗinsu na shinkafa da taliya da 'yan ƙananan wake a kwano ɗaya, kamar an juye ragowar tukwane uku. Abin da ya ba ni mamaki, suna da miyar lalo sak irin tamu, sai dai da shinkafa suke ci, da tafarnuwa mai yawa. Matar da ƙofarta ke kallon tamu ce ta kawo mini a faranti rana ta huɗu. Ba na jin maganarta, ba ta jin tawa, muka yi ta murmushi a tsaye. Da yake ba a mayar da kwano haka nan, na yi tuwon shinkafa da miyar kuka na kai mata. Washegari ta tare ni a bakin lifta, na'urar hawa bene, ta dafa ƙirji, ta yi wata doguwar magana tana dariya. Ban sake ganin farantin ba.

Zamanmu da Baba kuwa, kamar yadda kuke tsammani. In na gama girki in ajiye tire a bakin ƙofarsa, in ƙwanƙwasa, in koma ɗakina in rufe. In yana da magana, bango yake gaya wa. Sai in ji daga falo, "A ce wa masu girki gishiri ya yi yawa." Ni kuma daga ɗaki in ce, "To, za a faɗa." Da farko yana sauka masallacin ƙasan bene, yana ɗan zagayawa, don Baba ya yi karatun littattafai kuma yana ji da Larabcinsa. Wata rana ina baranda na gan shi ya tsaya wajen mai kanti yana magana, sai na ga mutumin ya miƙe ya ɗaga hannuwa sama, na kusa suna ƙyalƙyatawa. Hajiya ta ce ai Larabcin littafi ya yi musu don neman sabulu, shi ne mai kantin ya amsa da amin kamar an shafa addu'a. Ba da mugunta suka yi ba, har kujera suka ba shi. Amma daga ranar, in ya idar da salla kai tsaye yake hawowa. Muka zama mu biyu a rufe, kowa da nasa shirun.

A asibiti ne na ga abin da ya fi tsaya mini. 'Ya'ya mata riƙe da hannun iyayensu maza, suna gyara musu mayafin wuya, suna yi musu faɗa don sun ƙi shan magani. Wata ta sumbaci goshin babanta a gaban kowa, shi kuma ya ja kumatunta. Na sunkuyar da kai don kada Baba ya ga na gani. A raina na ce rashin ta-ido. Amma kuma na sake ɗagowa na duba.

Likitan hanta dattijo ne, yana Turanci a hankali kamar malamin firamare. Hajiya ta raka mu ranar farko ta nuna mana hanya, ta ga ina ganewa, ta tafi wajen sauran marasa lafiyarta. Likita ya ɗauki takarda ya zana hanta, ya ja mata hanyoyi biyu. Ya ce ta hanya biyu jini yake shigarta. Akwai babbar jijiya da take tasowa daga hanji, jininta a hankali yake tafiya, daga ita lafiyayyar hanta take samun mafi yawan abin da take sha. Akwai kuma ƙarama da take zuwa daga wajen zuciya, da ƙarfi da sauri. Ya ce idan wani ɗan gungu a cikin hanta ya fara juyewa zuwa daji, tun yana ƙarami, tun mutum bai ji komai a jikinsa ba, hanyar jininsa ce take fara sauyawa. Sai ya riƙa sakin jijiyar nan mai tafiyar hankali, yana tsiro da wasu 'yan jijiyoyi sababbi, sirara, a karkace, yana jan jini daga mai saurin. Na ce a raina, ashe irin gidajen nan ne na unguwarmu da suke jan famfonsu kai tsaye daga babban bututu. Ranar da aka kawo ruwa su ne farkon samu, kafin ya iso mana sun cika randunansu sun rufe.

Don haka, in ji shi, za a ɗura wa Baba wani ruwa kamar rini ta jijiyar hannu, a shigar da shi na'ura. In abin daji ne, zai haska shi kaɗai tun sauran hantar tana duhu, sa'an nan lokacin da sauran ta haska, shi ya riga ya dushe. In an ga haka ba sai an tsakuro nama ba, wanda ga mai hanta irin ta Baba akwai tsoron zubar jini. Amma hasken farkon nan na 'yan daƙiƙoƙi ne, in ya wuce ya wuce. Dole a daidai lokacin mara lafiya ya riƙe numfashi, kada ya motsa. Ya tambaye ni ko Baba zai gane in an faɗa masa da Turanci ko Larabcinsu. Na ce a'a. Ya ce to ke za ki faɗa.

Ranar hoton aka ba Baba wata riga mai igiya a baya. Da ya fito a cikinta, ba hula, ƙwaurinsa sirara a waje, na rasa inda zan sa idona. Aka kwantar da shi, ni kuma aka shigar da ni wani ɗan ɗaki mai gilashi tare da mai sarrafa na'urar, wata mata mai suna Samira. Ta ajiye mini makirfo a gaba, ta ce in ta ɗaga yatsa in ce ya riƙe numfashi. Na ce to.

Aka ɗura ruwan. Samira tana kallon allo. Ta ɗaga yatsa.

Ku faɗa mini, 'yan'uwa, wace ce a cikinku za ta buɗe baki ta ba mahaifinta umarni tsirara, ba gaisuwa, ba neman afuwa? Ni dai bakina bai iya ba. Abin da ya fito shi ne, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, wai sun ce in ba damuwa, ka ɗan daure ka..."

Baba da ya ji muryata daga sama, sai ya ɗago kai ya ce, "Na'am?"

Na'ura ta riga ta wuce. Samira ta dafe kai da hannu biyu.

Likita ya nuna mini hoton, daidai sashen da ake nema ya fito kamar an ɗauka daga cikin mota tana gudu. Ya ce ruwan nan yana da nauyi ga ƙoda, ƙodar Baba kuma ta tsofaffi ce. Sai an jira kwana biyar yana shan ruwa sosai, a auna, in ta yarda a sake sau ɗaya. Na uku ba zai amince ba. In ya sake lalacewa, sai dai tsakuro nama da haɗarinsa, ko mu koma gida mu jira wata uku a ga ko abin ya girma. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai tambayi wace doguwar magana ce na yi. Da na fassara masa, ya cire tabarau ya share, ya ce tarbiyyarku tana da kyau, amma jini ba ya jiran a gama gaisuwa.

Muna isa masauki na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukana, don kada a ji a falo. Na kira Baban Nura na gaya masa gaskiya, ya yi ta ba ni haƙuri. Inna kuwa ce mata na yi an ɗaga ranar hoton. Ban taɓa son Goggo ta dawo duniya ba irin ranar, ko don in samu cinyar da zan kwanta.

Na roƙi Hajiya Zainabu ta karɓe ni, ita ta yi maganar a karo na biyu. Ta yarda. Da labari ya kai wa Baba, ya gaya wa bango cewa baƙuwar mace ba za ta gan shi a rigar nan ba, in ba ma'aikaciyar asibiti ba. Hajiya ta same ni a kicin, ta ce, "To ke ɗin ce dai, 'yata. Ubanki kike so ko kunyarki?" Ta ce kalma uku ce kawai, shaƙa, riƙe, saki, kuma in ban saba da su a gida ba, ba za su fito a asibiti ba.

Bayan la'asar na durƙusa a bakin ƙofarsa na ce an ce a riƙa gwadawa. Har na fara miƙewa, sai na ji, "A gwada." Ya kwanta a kan darduma a ɗakinsa, ƙofa a ɗan buɗe, ni kuma na zauna a falo na juya mata baya, waya a hannuna don ƙirga lokaci.

Na ce, "Shaƙa."

Daga ciki aka ce, "Ba a ji."

Na ɗaga murya. Na ce riƙe. Na fara ƙirga, sai hawaye suka zo, na shagala da share su na manta da kalma ta uku. Can na ji tari, sa'an nan Baba ya ce, "Masu ƙirgan nan kasuwa suka tafi ne?"

Na cusa hijabi a baki don kada dariyar ta fito. Tunda aka haife ni, wannan ce zolaya ta farko da ta shiga tsakanina da shi.

Haka muka yi kwana biyar, da hantsi da bayan la'asar. Sai kuma yaƙin shan ruwa. Ina jera masa robobi, yana barin rabi. Rana ta uku na zo ɗaukar tire na ga robar ko rabinta bai sha ba, kafin in yi tunani bakina ya ce, "Baba, shanye." Na tsaya ina jiran abin da zai biyo baya. Ya miƙa hannu ya ɗauka ya shanye, yana kallon taga.

Ƙoda ta yarda. Muka koma. Samira ta gan ni ta yi murmushi, ta nuna bakinta ta haɗe yatsu biyu, wai a taƙaice. Tun daga gida nake karanta duk addu'ar da na sani, amma da na zauna gaban makirfon nan komai ya tafi, sai kalmomin nan uku. Aka ɗura ruwan. Ta ɗaga yatsa.

"Shaƙa. Riƙe."

Na ji muryata ta cika ɗakin, kamar ba tawa ba. Ta gilashi na ga ƙirjinsa ya tsaya cak. A kan allo hanta ta fito toka-toka, a gefenta ga wani ɗan ɗigo fari tas, shi kaɗai, kamar an kunna ƙwai ɗaya a unguwar da aka ɗauke wuta. Samira ta nuna shi da bakin biro. Na ce saki. Jim kaɗan ta sake ɗaga yatsa, na sake faɗa. A wannan karon sauran hantar ta yi haske, ɗigon ya koma duhu.

Samira ta matse hannuna ta ce ya yi kyau ƙwarai, hoton take nufi. Kwana biyar ina roƙon Allah hoto ya fito, na manta abin da fitowarsa take nufi.

Likita ya faɗa a gabanmu mu biyu, sa'an nan ya dube ni yana jiran in fassara. A gida kun san yadda muke yi. Sai a ja 'ya'ya maza gefe, shi mara lafiya a ce masa ulsa ce, ya yi ta shan magani bai san na mene ne ba. A can babu gefen da za a ja wani, ni ce kaɗai. Na durƙusa kusa da kujerarsa na ce, "Baba, daji ne. Amma ƙarami ne, guda ɗaya, kuma an gan shi da wuri. Jibi za su ƙone shi."

Ya yi innalillahi a hankali. Sa'an nan ya ce alhamdu lillahi da aka sani, ya tambaya ko azahar ta yi.

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Allura ce doguwa aka shigar ta gefen ciki, kwana ɗaya ya yi a asibiti. Kafin mu taho aka duba, likita ya ce wurin ya daina jan jini. Amma bai ɓoye mana ba, ya ce hantar da ta tsiro da ɗaya tana iya tsiro da wani, don haka duk wata uku sai an sake irin wannan hoton, ana kuma lura da ƙoda. A Abuja za a riƙa yi. Can akwai masu jin Hausa, Sani ne zai riƙa kai shi.

Ranar tafiya Hajiya Zainabu ta rungume ni a bakin lifta ta ce in gaida gida, kowa da kowa, ita da ba ta san kowa ba. A jirgin dawowa Baba ya ci abincinsa. Ni ma na ci nawa, fuskata tana hanya.

Muna shiga Tudun Ƙofa komai ya koma inda yake. Ƙannena suka kewaye shi, aka shige da shi, ni na tsaya a tsakar gida da jakunkuna. Washegari na je gaisuwa, na durƙusa a bakin ƙofa, ya amsa yana duban wani wuri. Haka ya kamata, ban ce ba haka ba. Sai dai har yanzu in la'asar ta yi a Jigwada, yara na ta hayaniya, maƙwabta na shiga da fita, sai in ji kamar akwai aikin da ban yi ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kai masa kunun gyaɗa. Na tarar zaure cike da abokan kasuwarsa 'yan sannu da zuwa, sai na tsaya daga ciki, bayan ƙofa, ina jiran a rage. Ina ji yana ba su labari, jirgi, sanyi, masallatan da ba su ƙirguwa, na'ura kamar bakin rijiya a kwance. Ya kawo kan hoton, ya ce, "Aka ce in riƙe numfashi, na riƙe. Aka ce in saki, na saki."

Malam Audu mai hula, abokin wasansa, ya ce, "Kai ɗin? Kai da ko likita ba ka jin maganarsa? Wane Balarabe ne wannan?"

Baba ya ce, "Wanda ya isa ne ya ce."

Na miƙa wa Inna kwanon kunun, na ce ta ba shi in sun watse. Na sa takalmina na fita ta ƙofar baya.

To, Masar ɗin da kuke tambaya ke nan. Saura wata biyu a sake hoton. Wadda ta karanta har nan, ta sa Baba a cikin addu'arta.